Rabin Kiɗa a Valparaíso

A cikin akwatin ƙarfen nan mai hawa tudu da igiya,
yau da la'asar,
wani dattijo riƙe da ƙunshin kifi
ya yi fito.
Gaɓa huɗu kacal.
Gwiwata ta yi sanyi, na dafa ƙarfe,
shekara arba'in da bakwai suka zubo mini a ƙafa
kamar an kwance bakin buhu.

Kiɗan ƙarfe bakwai ne,
na shirin mai gadin fitilar teku da gurgun karensa.
Sunan shirin ya ɓace mini,
amma begilar nan
ko cikin barci aka busa ta sai na amsa.

Akwati ɗaya ne a duk layinmu,
a kantin Fresia, bisa firji,
an lulluɓe shi da ƙyallen saƙa kamar jariri.
Kuɗin shiga: ka sayi alewa ɗaya,
ko ka share mata ƙofa.
Mu goma sha uku a kan buhunan dankali,
warin kananzir, warin albasa,
iskar teku na kaɗa kwanon rufi.

Sai hoto ya watse,
kamar an watsa shinkafa a allo.
Baba Eulogio ya hau rufi da silifa,
yana juya eriya, muna ihu ta taga:
Dama! Kaɗan! Ya yi! A'a, koma!
Shekara shida yana can sama cikin sanyi,
bai taɓa ganin fuskar karen ba.
Amma ya fi kowa iya kiɗan,
ta bututun hayaƙi yake jin sa.

Kiɗan buɗewa kowa ya haddace.
Na rufewa ne rigimar.
Da an fara jero sunaye
sai muryar Inna ta gangaro matakala:
miya na hucewa!
Mu kwasa a guje,
jita na bin bayanmu, tana ƙanƙancewa,
har kwanar gidan mai ɗinki ta haɗiye ta.
Ban taɓa jin ƙarshensa ba.

Yayata Berta ta ce sama yake tashi.
Ni na ce sauka yake yi, a hankali,
kamar mai ajiye kofi kusa da mai barci.
Mun yi wannan gardama a bikinta,
mun yi ta a waya, tana Antofagasta,
mun yi ta har a bakin kabarin Baba,
ƙasa-ƙasa, limamin coci na hararar mu.
Bara ta tafi da nata ƙarshen.
Yanzu ba mai ce mini ƙarya nake.

Jikata ta laluba mini a wayarta,
ta ce, Kaka, ba abin da babu a ciki.
Ga shiri dubu, ga kiɗa dubu,
mai kala, mai kyau, ba shinkafa ko ƙwaya.
Namu dai babu.
Wanda bai hau rufi ba
ina zai san tsadar hoto?

Akwatin ƙarfe ya tsaya, ƙofa ta yi ƙara.
Na bi dattijon, na taɓa hannun rigarsa,
ni da ban iya tare baƙo ba.
Na ce, don Allah, ƙarasa.
Ya dube ni, ya dubi kifinsa, ya yi dariya,
haƙori biyu, ido jajir.
Ya ce, iyakata ke nan, 'yar'uwa,
mu ta tagar maƙwabta muke leƙe,
kafin a gama sun rufe labule.

Muka tsaya a bakin tudu,
jiragen ruwa na kunna fitilu ɗaya-ɗaya.
Ya ɗauko daga fari, na kama masa.
Da muka iso inda kowa ke tsayawa
sai na kai shi sama,
yadda Berta ke so.