Daƙiƙa Bakwai

Daren Alhamis a Valparaíso.
Iskar teku ta hau matakala ɗari da sittin
ta zo ta tsuguna a bakin tagata.
Na ɗora kwamfuta kan tukunyar da na kife,
don teburin ya gurgunce tun bara,
na zuba shayi, na jawo bargo,
ina jiran fuskoki uku su ɓullo.

Baltasar ne farko, daga Calama,
garin tagulla har cikin girarsa,
ko rigar aiki bai tuɓe ba.
Sai Eulalia daga Temuco,
jariri a kafaɗa, yatsa a leɓe:
a yi a hankali, yanzu ya samu barci.
Ximena kullum ita ce ƙarshe,
can Punta Arenas, inda ƙasa ta ƙare,
inda iska ke kokawa da intanet
tana kayar da shi sau goma a dare.

Mukan ƙirga tare: uku, biyu, ɗaya, danna.
Yatsu huɗu a kan maɓalli.
Amma ƙasarmu doguwa ce kamar igiyar guga,
kafin hoto ya gangara kudu
daƙiƙa bakwai sun zube a hanya.

Fim ɗin tsoho ne, fari da baƙi.
Wani mai kwalekwale, hularsa ta faɗa ruwa,
ya bi ta da takalmi da agogo da komai.
Mu uku muka fashe da dariya,
muka gama, muka share ido,
sannan daga ƙarshen duniya
dariyar Ximena ta iso ita kaɗai,
kamar baƙon da ya zo an naɗe tabarma.

Ta ce, "Ku ci gaba, na saba."
Maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.
Ita ce fa da, a layin baya na silimar unguwarmu,
take riga kowa ƙyalƙyalawa
har mai tocila ya zo ya haske mu.
Silimar yanzu motoci ke kwana a ciki.

Ba wanda ya kawo shawara,
ban ma san wa ya fara ba.
Mako na gaba, da abin dariya ya zo,
na ga Baltasar ya cije leɓe,
Eulalia ta cusa fuska a wuyan ɗanta,
ni ina ƙirgawa a zuci,
ɗaya, biyu, cikina na rawa,
biyar, shida,
sai muka sake ta baki ɗaya,
daga hamada har bakin ƙanƙara.
Jariri ya farka ya tsala ihu.
Ba mu yi nadama ba.

Ashe riƙe dariya shi ne mai sauƙi.
Wani dare, wani fim,
tsohuwa ta zauna a bencin tashar jirgi
ba ta ƙara tashi ba.
Na juya ga ɗan akwatin Ximena,
tana tauna gugguru, ba ta sani ba tukuna.
Tata uwar a watan Yuni aka binne,
ba ɗayanmu da ya samu kuɗin zuwa.
Daƙiƙa bakwai ina riƙe da mutuwar nan
kamar garwashi a tafin hannu,
ba inda zan ajiye,
ba halin in ce mata kau da kai.

Sai ta daina taunawa.

Sunaye suka yi ta hawa allo har suka ƙare.
Baltasar ya ɓingire, muna jin minsharinsa,
ƙarfe huɗu motar kamfani za ta zo.
Shayina ya huce.
Jan maɓallin nan na kallon kowa,
ba mai taɓa shi.

Can ta ce, "Kuna nan?"
Muka ce, "Muna nan."
Na zuba wa fuskarta ido
ina ƙirgawa har ya isa.