Ɗigon Dalma

Rumfata na bayan gadar Kwangila,
tsakanin mai faci da mai sayar da rake.
Nan Ladan Barau ya iske ni bayan la'asar,
waya naɗe a hannu kamar ya kashe maciji.
Ya ce, "Kwana uku ke nan ina kira,
rabin shahada na fita, rabi na maƙalewa.
'Yan unguwa sun ce tsufa ne."
Na ce, "Zauna, Baba. Ba maƙogwaronka ba ne."

Na kwance kan jak, na leƙa.
Silin jan ƙarfe ɗaya tal, shi ma ya gaji,
ke riƙe da sallar unguwa guda.

An ɗauke wuta tun hantsi,
sai na cusa ƙarfena a garwashin Ladi mai gasa masara,
yadda maigidana Tanimu ke yi
kafin hannunsa ya fara rawa.
Shi ya ce min, dalma ba a yi mata dole.
Ɗumama wurin, za ta zo da ƙafarta.
In ta yi ƙyalli, ta yarda.
In ta yi fuskar toka, lallaɓa ka ta yi,
ranar taro za ta tona maka asiri.

Na ɓare rigar waya da reza,
na murɗe silin kamar mai kitso,
ja zuwa tsini, saƙar waje zuwa gindi,
kada su taɓa juna ko da gashi ɗaya.
Hayaƙi siriri ya tashi yana neman idona,
duk inda na kau da kai sai ya bi ni.
Tirela ta wuce, benci ya girgiza,
na jira.
Na riƙe numfashi.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar dawa ba,
ya narke, ya kwanta, ya yi shiru.

Ladan ya duƙa ya duba, ya sake dubawa.
"Shi ke nan aikin?"
Ya bar min ɗari biyu mai yagaggen kunne,
da ɓarin goro, da addu'ar da ta fi su tsawo.

Da asuba ina kwance, ruwa ya ɗauke,
sai ga muryar ta tsallako rufin kwano.
Na ji gyaran murya kafin kabbara,
na ji inda numfashi ya ƙare masa ya ja wani,
babu ƙara, babu tsatsa, babu yankewa.
Duk ta bi ta cikin ɗigon nan nawa
ba ta ko san ta bi ba.

Da safe a teburin mai shayi
na ji ana cewa Barau ya sha zuma,
ga murya ta dawo kamar ta saurayi.
Na hura kofina,
na shafa tabon ƙuna a babban yatsa,
na ce, "Ai zumar bana tana da kyau."