Ɗakunan Bayan Fuska

Ruwa bai ɗauke ba a Rize tun Laraba.
Goman dare, ni da fitila ɗaya,
da hoton kan Nurhayat a allon na'ura,
an yayyanka shi siri-siri kamar burodi
alhali wuƙa ba ta taɓa ta ba.

Shekara talatin tana tsinkar ganyen shayi a gangaren dutse.
Ta ce, "Likita, hancina ke gaya mini ganye ya yi.
Bana sai jikata nake miƙa wa ta sansana."

A littafi kogunan a shirye suke:
biyu a goshi, biyu a kumatu,
saƙar zuma tsakanin idanu,
sai ƙurya can ciki, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.
Amma kama da wane ba ta wane.
Maginin nan ba ya maimaita gida.

Shingen hancinta ya karkata hagu
kamar itacen da iskar teku ta daɗe tana turawa.
Wani ƙashi ya haɗiyi iska, ya kumbura,
ya tsaya a bakin ƙofa, ba shiga ba fita.
Kogon goshi na dama kuwa babu shi,
ba a ma sa harsashinsa ba.
Duk wannan da sauƙi.

Abin da ya hana ni tafiya gida
wani ɗan ɗaki ne da ya yi tsallake
ya ɗare saman ƙurya,
jijiyar gani ta ratsa ta gefensa tsirara.
Rufin ya sauko ƙasa,
bai fi ɓawon ƙwai kauri ba,
bayansa ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwana a ciki.

Na tuna Erzurum, ina sabuwar hannu,
Malam Selahattin ya damƙe wuyan hannuna
saura ƙiris.
"Tsaya, Gülizar. Mutumin jiya kike yi wa aiki.
Wannan wani ne."
Har yau in na ɗau ƙarfe, wurin yakan yi mini zafi.

Na bi hoton daga gaba, na bi shi daga gefe,
na zana a bayan takardar magani:
nan a buɗe, nan a raɓa,
nan ko sallama kada a yi.

Da safe na shiga da 'yar fitila a bakin tsinke,
baƙuwa a gidan mutane,
takalmi a hannu.
Na sare abin da ya tare hanya.
Na ga jijiyar, fara, tana kwance abinta.
Na wuce.

Bayan mako biyar ta dawo da ƙullin shayi.
Na ce, "To, ƙamshin ganye ya dawo?"
Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa.
"Ganye? Rigar mijina ta fara zuwa.
Jiƙaƙƙen ulu da warin kifi.
Ashe haka yake yawo shekara biyu,
ba wanda ya gaya masa."