Haya da Mallaka

Talatin ga wata, sha biyun dare,
a ɗakina na Jekadafari,
allo ya ce mini: kuɗinka sun ƙare.
Ganuwar da muka yi wata bakwai muna ginawa, ni da Bappa da Manu,
takobin da na sha wuya kafin ya zo hannu,
duk suna ciki, an ja ƙofa an sa kwaɗo.
Ashe ɗan haya ne ni, ina ta yi wa gidan wani daɓe.

Na janyo akwati daga ƙarƙashin gado,
na zaro faifan da na saya a Tsohuwar Kasuwa
shekara shida baya. Biya ɗaya, ciniki ya faɗa.
Wannan kam nawa ne,
ko maƙerinsa ya zo sai ya yi sallama.
Na hura masa iska, na goge da bakin riga, ya tashi.

Na shiga fili. Tsit.
Ba Bappa, ba Manu,
ba yaron nan na Kaltungo mai zagina in na yi kuskure.
Gida nawa, gari kufai.
Na yi ta zagaye ni kaɗai har janaretan maƙwabci ya mutu.

Da safe Manu ya bugo: "Jiya an ci mu, ina ka maƙale?"
Na zazzage aljihu,
na ware na data, na ware na ƙosai,
saura bai kai ba.
Na ce, "Ranta mini dubu biyu.
Ku tsare mini wurina a bakin ganuwa."