Awo

Shekara talatin da ɗaya ina awon mutane
a rumfata ta Ƙofar Marusa.
In hango mutum daga bakin titi in san yadinsa.
Amma ɗana Sada ban taɓa auna shi ba.
Riga mai faɗi nake ɗinka mashi,
in zura, in kau da kai.

Keken farko na rabo ne.
An jera su a fili, an ɗauki hoto, kowa ya tura nashi gida.
Na ƙato ne. Sada ya nutse ciki
kamar tsakuwa a ƙwarya,
ƙugu ya zame gaba, kai ya faɗi hagu,
miyau ya jiƙa ƙirji.
Muka cusa tsumma, muka ɗaure shi da zanen uwarsa.
Kafin wata biyu gyambo ya buɗe
inda ƙashi ke gugar leda.
Muka yi shiru. Wa ke kushe kyauta?

A asibiti Malama Yahanasu ba ta kalli keken ba.
Tabarma ta shimfiɗa,
ta durƙusa, ta gaida yaron da sunansa,
ta jira, ta jira,
har ya amsa da ido.
Ta lanƙwasa gwiwar a hankali
zuwa inda jijiya ta ce a'a, nan ta tsaya.
Sannan ta miƙo hannu: Baba, ara mani tef ɗinka.

Faɗin ƙugu.
Daga mazauni zuwa bayan gwiwa, a rage yatsa biyu.
Daga diddige zuwa cinya, hagu daban, dama daban.
Bayan da ya karkace kamar reshen magarya
ta bi shi da tafin hannu.
Ta ce ba miƙe shi za mu yi ba,
tallafa shi za mu yi a yadda yake.
Ni ke rubuta lambobin.
Hannuna da bai taɓa rawa kan shaddar miliyan ba
ya yi rawa a kan takarda.

Rabe mai walda ya gajarta ƙarfe,
ya kwantar da kujerar baya kaɗan.
Soso iri biyu, mai tauri ƙasa, mai laushi bisa,
ya rarake gurbin gyambon da wuƙar yankan burodi.
Tudu tsakanin gwiwoyi.
Majingini a haƙarƙarin hagu.
Ɗamara a ƙugu, ba a ciki ba.

Sau uku muna komawa.
A zaunar da shi rabin sa'a, a ɗaga, a duba fata.
Na biyu Sada ya yi ta gurnani,
Rabe ya rantse komai daidai yake,
ashe matokarin kai ke danne mashi kunne.
Ya kwance, yana ƙunƙuni, ya sake huda.

Rigar kujerar ni na ɗinka,
ɗinkin ciki, kada zare ɗaya ya taɓa shi.
Na bar kalmasa mai yawa. Yaro ne, zai yi tsawo.

Ranar da muka dawo da shi keken ya ƙi shiga zaure.
Na ari guduma na fasa dokin ƙofa
wanda kakana ya gina.
Ban nemi shawarar kowa ba.

Da magariba ya sha kunu rabin kofi bai ƙware ba.
Uwarsa ta riƙe ludayi tana kallona.

Shekara goma sha ɗaya
ƙafafun mutane ya sani, da takalmansu, da ƙasa.
Jiya na tura shi ta wajen Gobarau,
kansa a tsaye,
ya ga shirwa tana kewaya hasumiya,
ya bi ta da ido har ta ɓace,
sannan ya juyo, a hankali,
ya auna ni daga hula zuwa gemu.