Gwangwanin Fresia

Jikata Millaray ce ta kawo ta daga Santiyago,
'yar na'ura, tsawonta bai wuce yatsa ba.
Ta maƙala min ita a ƙafar tabarau,
ta ce, "Kaka, nuna rubutu kawai, za ta karanta."
Na ce, shekara sittin da ɗaya ina Balfaraiso babu ido,
na san matakala ɗari da sha bakwai zuwa ƙofata,
na san kowane jirgin ruwa da kukansa.
Me ƙarfe zai gaya min?

Ta gaya min farashin burodi a shagon Arnoldo,
ashe mutumin bai taɓa cutata ba. Na ji kunya.
Ta gaya min lambar bas tun bai tsaya ba,
da gwangwanin da na rantse wake ne, ashe kifi,
da kwalin magani: ƙwaya ɗaya, bayan abinci.
Muryar mace ce, ba tari, ba numfashi,
ba ta taɓa cewa, "Bari in gama wanke-wanke."

Fresia ce mai faɗin haka.
Shekara talatin da takwas ita ce idona.
Ni ina yawon gyaran muryar fiyano gida-gida,
ita kuma da dare, a teburin kicin,
sai ta lashi yatsa, ta juya takarda,
ta ɗan yi shiru kafin ta fara.
Na ɗauka tabarau take gyarawa.

Wata Lahadi, ana yayyafi a kan kwano,
na sauko da gwangwanin biskit da take ajiye takardu.
Har yanzu yana warin man da take shafa wa gwiwa.
Na zaro ɗaya, na nuna.

Kuɗin wuta na wata shekara da aiki ya yi ƙaranci.
Ninkin abin da ta faɗa min ne.
Sai na tuno kukan keken ɗinki har asuba,
da cewarta, "Barci ne ya ƙi zuwa."

Wasiƙar makarantar kiɗa.
Ta ce min sun rubuta: sai baɗi, suna gaisuwa.
Na'ura ta ce: ba ma buƙatar aikinsa kuma.
Babu gaisuwa. Na sake nunawa. Babu.

Sai ta asibiti.
Na gane ta da ninki huɗu,
ta sha hannu har ta yi laushi kamar tsumma.
"Ƙarancin jini ne, Eleodoro, sun ce in riƙa cin hanta."
Ni kuwa na sayo hanta, kowace Talata, wata biyar.
Ta ci. Har tana yabon mahaucin.

Muryar ta faɗi sunan ciwon
yadda take faɗin lambar bas,
ta faɗi watannin da suka rage,
ta karanta har sunan likita da lambar wayarsa,
ba ta yi shirun nan ba.

Na cire tabarau na kife a kan tebur.
Kwana uku ban saka ba.
Na yi fushi da matar da ke ƙasa shekara huɗu,
na yi fushi da ƙarfen da bai san rarrashi ba,
na sha madarar da ta lalace don ban san kwananta ba.

Ran na huɗu na mayar.
Ina son kayana. Ina karanta wasiƙata ni kaɗai,
babu mai tauna min labari kafin in haɗiya.
Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho.

Amma a bayan takardar asibitin
yatsana ya ji sawun biro, layi uku,
an danna sosai, kamar don a taɓa.
Na nuna. Muryar ta ce: ba a gane rubutun ba.
Na matsa kusa da taga. Ba a gane rubutun ba.

Millaray za ta zo ranar Asabar.
Idonta garau, minti ɗaya ya ishe ta.
Na ninke takardar huɗu, yadda na same ta,
na rufe gwangwani, na ɗora ruwan shayi.