Igiyar Shanya a Masanawa

Na gaji kyamarar Kawu Jatau
da jakarta mai warin man kaɗanya.
Shekara talatin yana ɗaukar fasfo a Ƙofar Ƙaura:
ɗaga haɓa, rufe baki, kada ka ƙifta.
Ni kuwa na fito da ita lungu.

Na fara da Inna Tsahare mai daddawa,
wadda tsagar kumatunta ta girmi katin ɗan ƙasa.
Ta ce, "Mi za ki da huskar da aska ta riga ta rubuce?"
Na ce karatu zan yi.
Ta tuntsire, haƙori biyu, jan goro,
a nan na danna.

Malam Mantau ya kai ni marinar ubansa.
Shagon cajin waya ne a kanta yanzu,
janareto yana tari a bakin ƙofa.
Har yau gindin akaifunsa shuɗi ne.
Bai dube ni ba. Siminti ya zuba wa ido,
ya karkata kunne
kamar mai jin baba yana tsima a ƙarƙashi.

Jikarsa Yalwa ba ta da ko bille,
fuska sumul, kunne toshe da waƙar waya.
Na ce a raina, nan zaren ya tsinke.
Sai wani ɗan acaba ya watsa mata ruwan kwata,
ta kama ƙugu, ta zazzaga masa Katsinanci tsantsa
har ladanin unguwa ya leƙo.
Wannan ma na ɗauka. Ya ɗan girgiza, don dariya nake.

Ba ni da zauren baje koli.
Ranar Asabar na ari igiyar shanya,
na ɗaure daga durumi zuwa turken lantarki,
hoto arba'in da ɗaya, kowanne da maƙalin wanki.
Mai shayi ya bar tukunya.
Wani tela ya gane katangar da aka rushe bara,
ya nuna wa ɗansa inda aka binne cibiyarsa:
daidai ƙarƙashin tayar waccan tirela.

Da la'asar Inna Tsahare ta iso, tana jan ƙafa.
Ta daɗe a gaban nata.
Ta shafa takardar, ta shafa kuncinta,
sannan ta juyo ta kama mini hannu:
"Ɗiyata, ina kika samo uwata?"